Zauren Tambaya: Hitar Gas Marar Tanki, Nawa Take Ci?

Tun da sanyi ya fara leƙowa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga ruwan zafi. Galibinsu a kan ƙaramar hitar gas ɗin nan ne da ake kafawa a bango, wadda ba ta tara ruwa, sai dai ta dafa shi yana wucewa. Mun tsamo kaɗan daga ciki, masu aikin famfo da na gas da ke taya mu wannan shafi suka amsa. Farashin gas da na fetur da za a gani a lissafin misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwar garinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu takwas ne a gidana, kuma da hunturu kowa sai da ruwan zafi yake wanka da safe. Yanzu a tukunya ake dafawa a kan murhun gas. Wani ya ce in sa hitar lantarki mai tanki, wani ya ce ta gas marar tanki. Wacce ce ba za ta cinye mini aljihu ba? Daga magidanci a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga sunan hita, a fara sanin yawan zafin da gidan ke buƙata, domin shi ake biya wa kuɗi. Hanyar ba wuya. Ka ninka yawan litar ruwa da yawan digirin da za a ƙara masa, ka raba da 860. Abin da ya fito shi ne yawan yunit, irin wanda mitar lantarki ke ƙirgawa.

Mu ƙaddara kowa na wanka da bokiti mai lita 20, lita 160 ke nan. Ruwan tankin sama da asubahin hunturu mu ce digiri 20 ne, ana so ya kai 40. Ƙarin digiri 20 sau 160 ya ba da 3,200, a raba da 860, ya kama yunit 3.7 a rana. Ko da me za ka dafa, wannan adadin sai ya shiga ruwan. Bambancin kawai shi ne nawa ke zurarewa a banza kafin ya shiga.

Kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ɗauke da zafi kimanin yunit 12.8. Hitar bango ta gama-gari, in tana da lafiya, tana kai kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na wannan zafi cikin ruwa, saura ya bi hayaƙi. A taƙaice kowane kilo na ba ka yunit 11 na amfani. Gidanka zai ci giram 340 a rana, kilo 10 da 'yan kai a wata. Tukunyar gas mai kilo 12.5 za ta yi kwana 35 ko 36 in ba a girki da ita. In kilo naira 1,200 ne, naira 410 ke nan a rana.

Tukunyar da ake ɗorawa a murhu kuwa, wajen rabin wutar gefe take bi, musamman in babu murfi ko iska na kaɗawa. Don haka yanzu haka giram 580 ko fiye kuke ƙonawa, kusan naira 700. A murhun duwatsu uku abin ya fi haka muni, domin kashi 10 zuwa 15 kaɗai ke shiga ruwa, sai an ƙona busasshen itace wajen kilo 7.

Lantarki ba ya asarar hayaƙi, kusan duk yunit da ka biya yana shiga ruwa. Amma tanki na sanyaya da kansa. Mai lita 50 da aka bari a kunne dare da rana yakan zubar da kusan yunit ɗaya kullum ta jikinsa, sai 3.7 ɗin nan ya koma 4.7. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta kai yunit na 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20, zuwa naira 225, daga baya aka sassauta ya dawo wajen 209. A wannan farashi, naira 980 ne a rana, ya ninka na gas har da ɗoriya. Wanda kuma yake sayen yunit a naira 65, nasa 305 ne, ya fi gas araha, in dai wutar za ta zo a lokacin da ake nemanta.

Ga ƙa'idar da za ka riƙe, ko farashi ya hau ko ya sauka: raba kuɗin kilon gas da 11. In kuɗin yunit ɗinka ya haura abin da ya fito, gas ya fi sauƙi. A misalinmu 1,200 a raba da 11, kimanin naira 110 ne. Janareta kam kada ma a sa shi a sahu. Ƙaramin injin fetur da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita ɗaya, in lita naira 900 ce, yunit ya tashi 450 ko sama.

Abu ɗaya ne ya doke su duka a kuɗin yau da kullum, shi ne hitar rana da ake ɗorawa a kan rufi. Matsalarta kuɗin saye, da kuma ƙurar hunturu da ke rage mata ƙarfi daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

TAMBAYA: Mai shago ya rantse mana cewa hitar nan tana da tattali. Mun sa, ga shi tukunyar gas ba ta kai kwana goma. Cutarmu aka yi? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Hajiya, mai yiwuwa hitar ba ta da laifi. Tambayar farko ita ce, da bokiti ake wanka ko da shaya? Shaya ta gama-gari tana zubar da lita 8 a minti. Wanda ya tsaya minti goma ya yi amfani da lita 80, bokiti huɗu ke nan. Da can da ake dafawa a tukunya, ruwan da aka raba wa mutum shi ke nan nasa. Yanzu kuwa ruwan zafi ba ya ƙarewa, yara sai su shantake. Mutum takwas a haka za su ci kilo 1.4 a rana, tukunya ta tashi a kwana tara. Kin ga lissafin ya yi daidai da abin da kike gani. A tara a bokiti, ko a sa kan shaya mai ƙananan huji da ke ba da lita 5 ko 6, a kuma riƙa rufewa lokacin saɓa sabulu.

In da bokiti kuke yi kuma abin bai canja ba, a duba abu biyu. Wasu tsofaffin hitoci suna da 'yar ƙaramar wuta da ke ci dare da rana tana jiran a buɗe famfo. Ƙanƙanuwa ce a ido, amma takan cinye kilo 6 zuwa 11 a wata ba tare da ta dafa ko kofi ɗaya ba. In irinta ce, a kashe ta bayan wanka, ko a musanya da mai ƙyastawa da batir. Na biyu yoyo. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a bakin tukunya, da regileta, da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Inda kumfa ke tasowa, nan gas ke fita. Ban da gwaji da ashana.

Akwai kuma gwajin da zai raba gardama da mai shago. A ɗora tukunyar a kan sikeli mai nuna giram, a rubuta nauyinta. A auna zafin ruwan sanyi da ma'auni, a daidaita hitar ta ƙara digiri 20, a cika bokiti biyar masu lita 20 a jere, a sake duba sikeli. Lafiyayyiyar hita za ta ci giram 210 zuwa 230. In ta ci 300, kashi 60 kawai take kaiwa ruwa, akwai abin gyara.

TAMBAYA: Ina gina gida, an kawo mini farashin iri biyu. Ɗaya an rubuta kashi 85, ɗaya kashi 97, kuma ta biyun ta ninka ta farkon kuɗi sau da yawa. A wani kwalin kuma na ga UEF 0.82. Yaya ake kwatanta waɗannan lambobi, kuma mai tsadar za ta maido da kuɗinta? Daga Alhaji a Abuja.

AMSA: Ranka ya daɗe, bambancinsu a hayaƙi yake. Idan gas ya ƙone, tururi yake haifarwa, kowane kilo yana fitar da ruwa kimanin kilo ɗaya da rabi a siffar tururi. Hita ta gama-gari tana sakin hayaƙinta da zafin digiri 150 ko fiye, tururin ya tafi da zafinsa. Mai tsadar tana da tukunyar zafi ta biyu, galibi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, inda ruwan sanyi mai shigowa ke fara ratsa hayaƙin. Hayaƙin ya huce zuwa digiri 40 ko 50, tururin ya koma ruwa, ya saki zafin da ya riƙe. Shi ya sa muke ce mata mai tatsar hayaƙi. Kamfanoni irin su Rinnai da Noritz na Japan, da Navien ta Koriya, da Vaillant da Bosch na Jamus duk suna ƙera irinta.

Lambobin kuwa, ba duka a kan ma'auni ɗaya suke ba, nan ne masu saye ke ruɗewa. A Sin da yawancin takardun Turai, ana lissafi ne ba tare da an sa zafin tururin cikin jimillar abin da gas ke ɗauke da shi ba. A Amurka ana sa shi. Saboda haka hita guda za ta iya zama kashi 89 a kwalin Sin, ta koma wajen 82 a ma'aunin Amurka. A gas ɗin tukunya tazarar kimanin kashi 8 ce, a gas ɗin bututu kimanin 11. Har za ka ga an rubuta kashi 105, ba ƙarya ba ce kuma ba siddabaru ba ne, ma'aunin ne haka. Shi UEF, wanda Amurka ta koma kansa a 2017, ya fi kusa da abin da ke faruwa a gida, domin ana gwada hitar ne tsawon awa 24 ana buɗewa ana rufewa. A kansa marar tanki ta gama-gari takan sami 0.81 ko 0.82, mai tatsar hayaƙi 0.90 zuwa 0.96, mai tanki ta gas kuma wajen 0.60 zuwa 0.70. Kada a kwatanta lambar wani ma'auni da ta wani.

To, za ta maido da kuɗinta? Mu ɗauki gidan mutum takwas ɗin nan na Kano. Mai kashi 85 na cin giram 340 a rana, mai 97 na cin 300. Rarar giram 40 ce. A watanni uku na sanyi bai kai kilo 4 ba, wato ƙasa da naira 5,000 a shekara. Ko da gidan duk shekara yake wanka da ruwan zafi, rarar ba ta wuce kilo 15. A ganinmu, a gidan zama a ƙasa mai zafi irin tamu, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Inda take da riba shi ne otal, da asibiti, da makarantar kwana, da wurin wanki, inda ake dafa dubban lita kullum. Mai dafa lita 3,000 a rana zai rage wajen giram 800 kowace rana, kusan kilo 290 a shekara. Wannan kam kuɗi ne.

Sannan tana da sharuɗɗan da mai sayarwa ba lallai ya faɗa ba. Fanka ke tura hayaƙinta, kwamfuta ke sarrafa ta, don haka ba wuta, ba ruwan zafi, ko da tukunya cike take. Ba ta ja da yawa, galibi ƙasa da wat 100, inbata mai tsaftatacciyar wuta za ta riƙe ta. Amma wasu sukan ƙi kamawa a janareta, saboda na'urar da ke tabbatar da cewa harshen wuta ya kama tana dogara da wayar ƙasa, in ba a haɗa ta daidai ba sai ta kashe gas bayan 'yan daƙiƙu. Ruwan da take tatsowa kuma yana da tsami, yana cin siminti da ƙarfe, sai an yi masa bututun roba zuwa magudana. In allon kwamfutar ya ƙone, a tambayi inda za a samo wani kafin a biya kuɗi, ba bayan ya ƙone ba.

Gargaɗi ɗaya ga masu sayen ta gwanjo daga Turai ko Amurka: a karanta farantin da ke jikinta. In an rubuta NG ko G20, ta gas ɗin bututu ce, hujin nozul ɗinta, wato 'yar ƙofar da gas ke fitowa, ya fi faɗi. In aka jona ta da tukunya sai ta riƙa ambaliyar gas, wuta ta yi ja, baƙi ya toshe ta, ta fitar da guba. Wadda ta dace da tukunya an rubuta mata LPG, ko G30 ko G31.

TAMBAYA: Tawa an rubuta 6L. Da safe ruwan ɗumi-ɗumi kawai yake fitowa, wani lokaci kuma ta mutu ana tsakiyar wanka. Daga mai karatu a Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, matsala biyu ce ka haɗa. Ma'anar 6L ita ce lita 6 a minti in ƙarin digiri 25 ake nema. Mai 6L tana ƙona kusan kilo ɗaya a awa in an buɗe ta duka, mai 10L kilo ɗaya da rabi, mai 12L kusan biyu. A Kano, da ƙarin digiri 20, 6L za ta ba da lita 7 da rabi, ta ishi shaya ɗaya. A Jos in ruwan tanki ya sauka zuwa digiri 12, ƙarin 28 ake nema, ƙarfinta ya koma lita 5 da 'yan kai. Ga shi garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarsa ta fi ta bakin teku sirantaka da wajen kashi 13, wutar ba ta samun cikakken abin da take so. In shayarka na jan lita 8, dole ruwa ya fito da ɗumi kawai. Ka duba makunnin da aka rubuta wa hunturu da bazara, domin na bazara yana kashe wasu layukan wutar. Ka mayar da shi hunturu, ka ƙure na gas, ka rage na ruwa sannu a hankali har zafin ya yi. In kana son shaya mai ƙarfi, sai 10L.

A lura, babbar hita ba ta fi ƙarama cin gas a kan bokiti guda ba. Da sauri kawai take cika shi. Inda take jawo asara shi ne ta ba mutum damar zubar da ruwa da yawa.

Mutuwar da take yi kuwa, ka fara da ruwa. A cikinta akwai faifan roba da ƙarfin ruwa ke turawa, shi kuma ya tura sanda ta buɗe gas ta taɓa makunnin tartsatsi. In ruwan ya gaza lita 2 zuwa 3 a minti, faifan ya koma, wuta ta mutu. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin bar, tsayin mita 10 ne ke ba da bar ɗaya, yawancin ƙananan hitocin nan kuma suna son aƙalla 0.2 zuwa 0.3, wato saman ruwan tanki ya ɗara hitar da mita 3. Tankin da ya yi ƙasa ko ruwansa ya kusa ƙarewa ba zai riƙe ta ba. Gwada da bokiti mai lita 10 a famfon zafi. In ya haura minti uku bai cika ba, ka kwance bututun shiga ka wanke 'yar rariyar da ke bakinsa, yashin rijiyar burtsatse yakan toshe ta. In ba ta nan ba ne, a ɗaga tanki ko a sa ƙaramin injin tura ruwa. Haka kuma yawan sirkawa da ruwan sanyi a famfon banɗaki yana rage wanda ke bi ta hitar har ta mutu. Gara a saita zafin a jikinta daidai wanka, a daina sirki. Wannan ma tattalin gas ne.

In ruwa lafiya, sai gas. Yawancin regiletocin murhu kilo 1 ko 1.5 suke iya bayarwa a awa, an rubuta a jikinsu. Ita ma tukunyar tana da iyaka. Gas ruwa ne a ciki, sai ya zuƙi zafi daga jikin ƙarfen kafin ya zama iska. In ana ja da ƙarfi sai tukunyar ta yi sanyi ta fara gumi, kuma sinadarin butan da ke cikin gas ɗin yana daina tashi in ya kusa digiri sifili. Tukunyar da ta rage kwata, a safiyar Jos, za ta fara da ƙarfi ta sare bayan 'yan mintuna. Maganinsa babbar tukunya, ko a haɗa biyu a layi ɗaya. Ba a kwantar da ita, ba a kai mata wuta kusa. Kada kuma a sa regileta mai ƙarfi irin ta manyan murhunan masu abincin sayarwa. Hitar regileta mai awon ƙarfin gas miliba 28 zuwa 30 take so, ko 37 in an rubuta hakan. Daga ƙarshe, manyan batura biyu da ke ƙasanta su ne ke riƙe bawul ɗin gas a buɗe a irin waɗannan hitoci. In sun yi sanyi za ka ji tana ƙyas-ƙyas a hankali, ta kama ta sake.

TAMBAYA: Don alwalar asuba nake son ta. Ya dace? Daga wani dattijo a Maraɗi.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Za ta yi, amma a nan ne ta fi rashin tattali. Kowace kunnawa sai ta fara zafafa jan ƙarfen cikinta da bututun da ke kai ruwa. Bututu mai rabin inci yana riƙe kusan lita 2 a kowace mita 10. Kafin ruwan ɗumi ya iso buta an zubar da wannan, bayan an rufe kuma wani lita 2 mai zafi ya kwana a bututu ya huce. An dafa lita huɗu don a sami biyu. A kafa ta kusa da inda ake ɗiba, a kuma tara na kowa a kunnawa ɗaya, a zuba a kula ko babban fulas. Bututun zafi ya zama PPR ko jan ƙarfe, domin farin bututun roba na ruwan sanyi yana laushi in zafi ya kai digiri 60.

TAMBAYA: Muna zaune a Amurka, gidan yana da hita mai tanki ta gas ɗin bututu, ta tsufa. In canja da marar tanki? Daga 'yar'uwarku a Shikago.

AMSA: 'Yar'uwa, lissafinku ya bambanta da na gida, domin ruwanku na shigowa da sanyin digiri 5 zuwa 10 da hunturu, ana kuma kai shi 49, duk shekara. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gidan da ba ya wuce galan 41 a rana, kimanin lita 155, marar tanki na iya fin mai tanki tattali da kashi 24 zuwa 34. Gidan da ke shan galan 86 kuwa, kashi 8 zuwa 14 ne kawai. Dalili shi ne asarar tanki ba ta canjawa, ko an yi amfani da ruwan ko ba a yi ba, don haka ta fi nauyi a kan mai amfani kaɗan.

Mu ƙaddara lita 240 a rana da ƙarin digiri 40. A shekara zafi ne na tam 139, ma'aunin da ke kan takardar kuɗin gas ɗinku. Tanki mai UEF 0.62 zai ƙona 224, marar tanki mai 0.82 ta ƙona 170, mai 0.95 ta ƙona 146. In kowane ɗaya dala ɗaya da rabi ne, rarar dala 80 zuwa 117 ce a shekara. Kuɗin kafawa ne abin dubawa. Tanki yakan ja zafin BTU 40,000 a awa, a ma'aunin Amurka, babbar marar tanki kuma har 199,000, sau da yawa sai an faɗaɗa bututun gas, an sake hanyar hayaƙi, an jawo soket. In bambancin aikin ya kai dala 1,500, sai an shekara goma sha uku ko fiye kafin a fanshe, ban da kuɗin wankin shekara-shekara. Abin da ke taimakonta shi ne tsawon rai, takan kai shekara 20, tanki kuwa 10 zuwa 15. In gidan naku ne kuma za ku daɗe, ku karɓi farashin masu aiki biyu ko uku a rubuce ku yi wannan lissafi da lambobin takardarku.

TAMBAYA: Shekara biyu tana aiki lafiya, yanzu ruwan ya ragu, tana ƙara kamar tafasa, gas kuma ya fi saurin ƙarewa. Daga mai gidan wanka a Sakkwato.

AMSA: Malam, farin ɓawo ne ya taru a cikin bututun jan ƙarfen, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Ruwan rijiya mai zartsi ke kawo shi, kuma yana ƙaruwa sosai in ana kai zafi sama da digiri 55 ko 60. Yana shiga tsakanin wuta da ruwa, zafin ya bi hayaƙi, ƙarfen ya yi ta gasuwa har wata rana ya huje. A rufe gas da ruwa, a cire batura, a kwance bututun shiga da na fita. A zuba lita 4 na farin ruwan kal a bokiti, ko a narka garin sitirik asid giram 200 a lita 4 na ruwa. A sa ƙaramin famfon lantarki a bokitin ya tura ta mashiga, ya dawo bokitin ta mafita, ya yi ta zagayawa minti 45 zuwa awa ɗaya. Sai a ɗauraye da ruwa mai tsabta minti biyar. Ban da ruwan batir da asid ɗin wanke tayil, suna cin jan ƙarfe. A gidan zama sau ɗaya a shekara ya isa, a gidan wanka irin naka duk wata huɗu zuwa shida.

Ka leƙa wutar ta 'yar tagar gaba. Shuɗiya ya kamata ta kasance, a tsaye. In ta yi ja ko rawaya, ƙurar hunturu ko yanar gizo ta toshe mashigar iska. Mai gyara ya cire layukan wutar ya busa su, ya goge baƙin da ke tsakanin farantan ƙarfe na sama da buroshi mai laushi. Ba a sa allura a faɗaɗa nozul.

TAMBAYA: Mai aikin ya ce a cikin banɗaki zai kafa ta don bututu ya yi gajere, wai tana da na'urar kashe kanta. In yarda? Daga wata amarya a Kaduna.

AMSA: Amarya, kada ki yarda, ko da zai yi aikin kyauta. Kilo ɗaya na gas yana buƙatar iska kimanin kubik mita 13, wato lita 13,000, kafin ya ƙone sarai, mai 10L ke nan tana neman sama da 20 a awa. Banɗaki mai faɗin mita ɗaya da rabi, tsawon biyu, duk iskar cikinsa ba ta wuce 8 ba, ga ƙofa a rufe, ga taga an toshe saboda sanyi. Da iskar ta fara ƙaranci sai wutar ta koma fitar da kabon monoksaid, gubar nan da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancin ƙananan hitocin nan, ta hana sayar da marasa bututun hayaƙi a cikin ƙasarta tun shekarar 2000. Na'urar da ke kashe ta bayan minti 20, da mai jin ƙarancin iska, kariya ce ta ko-ta-kwana, kuma suna lalacewa ba tare da an sani ba.

A kafa ta a bayan bangon banɗakin ta waje, a yi mata 'yar rumfa da za ta tsare ruwan sama da iska ba tare da ta toshe sama da ƙasanta ba. Bututun zai yi gajere kamar yadda yake so. In dole sai a ciki, to a wuri mai buɗaɗɗiyar iska, da bututun hayaƙi na ƙarfe mai faɗin bakin hitar, yana hawa sama har ya fita waje nesa da taga. Mai rufaffen ciki, wadda ke jan iska daga waje ta mayar da hayaƙi waje, ita kaɗai ce ake amincewa da ita a rufaffen ɗaki. Tukunyar ta zauna a tsaye a waje cikin inuwa, nesa da bakin kwata ko rami, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya in ya yi yoyo. A sa ƙararrawar kabon monoksaid mai batir a kusa da ɗakunan kwana.

In wani ya fito wanka da ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a daina kunna ta sai an bincika. In kuma an tarar da mutum a sume, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da shi sarari, a rufe tukunya, a garzaya da shi asibiti a gaya musu hayaƙin gas ya shaƙa don su sa masa iskar oksijin. Ba a ɗura masa madara ko manja, ba sa maganin wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi.